Yadda Ake Karɓo Hayar Kaset, Ga Wanda Ya Zo Duniya A Makare

Da farko dai, samari, ajiye wayar nan. Kai ta ɗakin kakarka ka tura ƙarƙashin katifa, domin abin da zan koya maka ba ya yiwuwa ga mutumin da yake yawo da tarin finafinai a memori amma kullum yana ƙorafin babu abin kallo. Sana'ar da za mu tono ita ce hayar kaset, wadda ta yi tashe daga shekarun 1990 zuwa farkon 2000, lokacin da fim ɗin Hausa, wanda 'yan Tumbin Giwa suka buɗe wa ƙofa da Turmin Danya a 1990, ya zo ya tarar da Indiya da Canis a kan kanta ya ce su matsa.

Sai ka nemi shagon. A nan za ka sha yawo, don inda yake a da, yau ko cajin waya ake yi ko POS. Kada kuma ka ce Amurka za ka nufa. Kamfanin Blockbuster, wanda a 2004 yake da shaguna wajen 9,000, ya karye a 2010, yanzu ɗaya tak ya rage a garin Bend na jihar Oregon, shi ma yawancin masu zuwa hoto suke ɗauka. Na'urar bidiyon kanta, kamfanin Funai na Japan da ya rage yana ƙera ta ya tsaya a 2016. Saboda haka ka leƙa saman sif ɗin gidanku, ƙila taku tana nan a lulluɓe da tsohon zani.

Mu ƙaddara ka samu shagon. To, ka sani ba a shiga kai tsaye a ce "ba ni kaza". Mai shago ba ma'aikacinka ba ne, hukuma ne. Yana da dogon littafi mai layi-layi, kuma ba ya rubuta sunan wanda bai san ƙofar gidansu ba. Zai tambaye ka ɗan gidan wa, idan bai gane ba sai ka kawo wanda zai tsaya maka. Ka gaishe shi da kyau, ka tambayi iyali, ka yi masa ya kasuwa, ka yi dariya idan ya yi barkwanci ko da ba ta zo maka ba. Dalili kuwa, sabon fim ba ya zama a kanta. Yana ƙarƙashin tebur, an ajiye wa masu ladabi. Wanda bai iya gaisuwa ba amsa ɗaya yake samu: "An fita da shi." Waɗanda suka nemi Sangaya a makon da ya fito a 1999 sun san zafin wannan magana, wasunsu har yau ba su huce ba.

Idan ka nemi shawararsa, ka shirya. A wurinsa babu fim marar kyau. Kowanne "ai wannan wuta ne". In ka nuna shakka zai fara ba ka labari don ya gamsar da kai, kuma ba zai tsaya ba sai ya faɗa maka wanda ya kashe bos. Duk da haka ni ina ganin ya fi na'urar da take zaɓar maka abin kallo a waya, don shi aƙalla ya san ranar da babanka yake gida, ya san kaset ɗin da bai kamata ya ba ka ba a ranar.

Kafin ka fito daga gida ma akwai zaman majalisa, tunda kuɗin kaset ɗaya aka bayar. Inna tana son na Hausa, mai kishiya da kuka. 'Yan mata sun kafe a kan Indiya, ko dai Amita ko Mithun ɗin Disco Dancer. Yayyenka maza Rambo suke so, ko Jackie Chan, ko duk wani fim da za a fasa tebur da bayan mutum. Baba zai ce duk shirme ne, shi ba ruwansa, amma da an kunna za ka gan shi a bakin ƙofa da rediyo a hannu yana tambaya, "Wannan ba shi ne ya mutu ɗazu ba?" Idan rikici ya ƙi ƙarewa, ka karɓo Ibro. Marigayi Rabilu Musa ya sasanta gidaje da yawa ba tare da ya sani ba.

Kada ka yarda da hoton kwali. Jarumin da aka sa babba a tsakiya ƙila sau biyu zai fito. Sannan ka duba ko an rubuta 1, domin daidai lokacin da amarya ta buɗe baki za ta tona asiri, sai rubutu ya hau talabijin cewa a haɗu a kashi na biyu. Kashi na biyun kuwa yana wani gida a bayan layi, wurin wata baiwar Allah da ta tafi biki Gusau da makullin ɗaki.

Yanzu ka iso gida da kaset a hammata. Ka sa yara su share tsakar ɗaki, na maƙwabta su wanke ƙafa kafin su shigo, waɗanda ba su samu wuri ba su kama taga. Za ka tarar wanda ya kalla kafin kai bai mayar da zaren baya ba, don haka ka zauna ka saurari kukan riwainin. Bayan nan akwai tallan finafinai masu fitowa, wanda ba a wucewa, don shi ma kallo ne, kuma kuɗinsa ka biya. Idan hoto ya fara ruwa-ruwa, a buɗe bidiyo a goge kanta da farar takarda da sifirit. A kowane gida akwai injiniyan wannan aiki, yawanci ɗan aji biyu na sakandare.

Sai babban darasi. Ana tsakiyar waƙa Nepa za su ɗauke wuta, kaset ya maƙale a ciki. Ba ya fita sai da wuta, wuta kuma ba ta san kana da alƙawarin mayarwa gobe da la'asar ba. Zaɓinka biyu ne: ka jira tara tana hawa, ko ka ɗauko sukundireba. Idan ka zaɓi na biyu zare zai naɗe, ka warware shi a hankali, inda ya tsinke ka liƙe da salatif ko jan farce, ka naɗe shi ka yi shiru. Wanda ya karɓa bayanka zai ga jarumi ya shiga mota a Kano, ƙiftawar ido ya ga ana sadakar bakwai.

In kana da kirki, kafin ka mayar ka ba gidan Malam aro, su ma su miƙa wa na kusa da su. Kuɗin haya ɗaya, gida biyar. A nan fa masu begen zamanin da sukan yi saurin wucewa. Mai shago ya sayi kaset ɗaya a kasuwar Bata ko ta Ƙofar Wambai, ya ba da shi haya har sai hoto ya koɗe, furodusan da ya sayar da fili ya yi fim ɗin kuwa kuɗin kaset ɗaya ya gani. Sun daɗe suna kuka da wannan. Mu muna ta daɗi, su suna lissafi.

Idan shagon da ka samu na zamanin sidi ne, ka koyi huci a kan faifai da gogawa a gaban riga. In ya ci gaba da tsayawa daidai wurin da ake so, wasu sukan shafa man goge baki. Ba ya magani, amma faifan yakan yi ƙamshi. Daga nan ne ma ciwon ajalin ya kama sana'ar: faifan satar fasaha mai finafinai barkatai a ciki ya yi arhar da saye ya fi haya, sai masu tura fim a waya suka kafa kwamfutocinsu a bakin titi, Arewa24 ta zo a 2014, ta kawo Daɗin Kowa kyauta, sannan YouTube ya kawo irin su Izzar So. Kowa ya ja wayarsa ya shige lungu, fim ɗaya mutum ɗaya, ba mai tambayar wani wa ya mutu.

Saura mayarwa. Idan ka yi latti da kwana uku, kada ka je da kanka. Ka tura ƙaninka, ka ce ya ajiye a kan tebur lokacin da mai shago yake sallamar wani, ya fito da gudu. Kai kuma ka sauya hanyar zuwa masallaci na mako biyu. In kuwa a binciken saman sif ka ci karo da kaset ɗin Wasila mai hatimin shago a jiki, wanda yayanka ya karɓo tun yana saurayi, to ka rufa wa gidanku asiri. Mai shagon yana nan da ransa, yana cire wa mutane kuɗi a bakin kasuwa, kuma irinsu ba sa yar da littafi.