Ɓeran da Ya Ishe Mu

Mu a layinmu ba kasafai bakinmu ke zuwa ɗaya ba. Ko ganin watan Sallah ne, sai an samu wanda zai ce shi sai ya ji daga Kano tukuna. Amma ka ambaci Tom and Jerry a bencin mai shayi bayan lisha, nan take kan kowa zai haɗu: ya ishe mu, ba ma so, a kashe. Kowa kuma da hujjarsa a baki. Abin da ke ba ni dariya, duk wanda ya tashi kawo tasa sai ya ba ka labarin fitowa guda tun daga farko har ƙarshe, da inda tarko ya datse wa muzuru wutsiya, da inda dutsen guga ya faɗo masa a ka. Shi ɗin nan in ka tambaye shi ajin da ɗansa yake a makaranta, sai ya ce bari ya tambayi uwar yaron.

Ba jiya muka san su ba. Télé Tchad ta fara aiki a 1987, ita ma 'yan sa'o'i ne da yamma, saboda haka mu yaran wancan lokaci gidan mai bidiyo muke tarewa, a kan kaset ɗin da ya tsallako daga Kuseri ko ya fito daga jakar wani alhaji. Da dish ya yawaita a Injamena, sai rufin gida ya riƙa faɗa maka harshen da ake saurare a ciki. Wanda ya juya nasa wajen Nilesat, yaransa na kan MBC3 da Spacetoon, ana zuba musu Larabcin littafi, ba irin na kasuwa da suka tashi da shi ba. Wanda ke biyan Canal+, nasa Faransanci suke sha. Mu Hausawa muna tsakiya, mu tsinci nan mu tsinci can. Muzuru da ɓera ne kaɗai ba su tambayi kowa yarensa ba, don in ka cire kalma ɗaya biyu nan da can, ba magana a ciki sai gudu da kiɗa. Ɗan Bahaushe, ɗan Babarbare, ɗan Gorane, da ɗan Ngambaye da ya zo hutu daga Moursal, duk tabarma ɗaya, dariya lokaci ɗaya. To me ya raba mu da su?

Wanda ya fi kowa zafi shi ne Baba mai hatsi, da ke da rumfa a Kasuwar Gero. Shi ba ya kewaye-kewaye. "Ku gaya mini, wane ne ɓarawo a cikinsu? Wa ke buɗe firjin mutane? Wa ke jan nama zuwa rami? Shi bawan Allah muzurun nan gadi aka ɗauke shi. Yana kan aikinsa a maka masa kasko, a cinna masa wuta a wutsiya, sannan uwar gida ta zo ta bi shi da tsintsiya ta wurga shi waje. Ɓarawon kuma ya miƙe ƙafa ya yi hamma." Baba mutum ne da kowace shekara yake ƙirga buhunan da aka huda masa a sito, amma ba asarar ce ta tunzura shi ba. Wata rana ya ɗana tarko ya kama wani ƙato, sai jikarsa ta fashe da kuka, ta riƙe masa riga tana cewa, "Kaka, Jerry ne, ka sake shi!" Tun ran nan ya ɗaura yaƙi.

Limamin masallacin layi yana mara masa baya, da hujja daga sama. Ya ce kyanwa dabba ce mai daraja a wurinmu: sahabi Abu Huraira saboda 'yar kyanwarsa ya samu laƙabin, kuma kowa ya san hadisin matar da ta shiga wuta don ta tsare kyanwa ba ci ba sha. Ɓera kuwa yana cikin dabbobin da aka yarda a kashe ko mutum na cikin harami. "Sai ga Bature ya zo ya kifa mana lissafi, yara na tafa wa ɓera." Wani yaro mai kilando, wato ɗan acaɓa, ya ce, "Allah gafarta Malam, ai wani lokaci muzurun ne ke fara tsokana. In ɓera da sata, daddawa ma da wari." Malam ya dube shi ta saman tabarau, yaron ya tuna yana da fasinja.

Ni dai abin da na lura da shi, babu ko ɗaya a cikinmu da ke bayan muzuru lokacin da muke kan tabarmar mai bidiyo. Duk 'yan ɓera ne mu. Sai da muka fara biyan kuɗin haya da cefane muka sauya sheƙa, ba tare da kowa ya sanar ba.

Hujjar da ta fi shiga raina ta Inna mai ƙosai ce. Na ce mata, "Inna, ke da kika rene mu da Gizo? Shi ma ai maƙetaci ne. Ba shi ya haɗa giwa da dorina jan igiya ba, kowacce na zaton da shi take ja?" Ta ce, "Ɗana, Gizo yana shan kashinsa in dubunsa ta cika. Kuma tamu tatsuniyar tana da ƙarshe. In dare ya yi a ce ƙurunƙus kan kusu, kowa ya nemi makwanci. Wannan kusun kuwa ya girme ni, har yau ba wanda ya taɓa kansa." Gaskiyarta, har a lissafi. A Fabrairun 1940 aka fara nuna su a silima a Amurka, aikin wasu mutum biyu, William Hanna da Joseph Barbera, a kamfanin MGM. Sun yi guda 114 zuwa 1958. Aka kai aikin Prague wajen Gene Deitch ya yi 13, Chuck Jones ya ƙara 34 zuwa 1967. Ka tara, 161 ke nan, kowanne wajen minti bakwai. In ka jera su duka ba za su cika yini da kwana ba. Abin da aka yi don mutum ya gani sau ɗaya kafin babban fim ya fara, shi tashoshi ke juya mana safe da yamma shekara da shekaru. Ɗumamen tuwo da daɗi ran farko, amma ba wanda ke son a ɗumama masa shi har wata ya mutu.

Za ka ce ai an yi sababbi. An yi, kuma su suka ƙara ɓata lamarin. Telan bakin layi, wanda ke ganin aikin hannu ko a ina yake, shi ke riƙe da wannan babi. Ya ce na da ka duba yadda muzuru ke lanƙwasa, yadda kiɗa ke bin kowane taku nasa. Ƙungiyar makaɗa sukutum ake tarawa, wani Scott Bradley na tsara musu. Kyautar Oscar bakwai da suka ci, duk a hannun masu shi na asali ne. A 1975 da aka mai da su na talabijin, dokokin tashoshin Amurka sun tsananta a kan duka a shirin yara, sai aka sulhunta su, aka ɗaura wa ɓera jan ƙyalle a wuya, suka zama abokai suna yawo tare. Wa ya aike su? A fim ɗin 1992 kuma aka buɗe musu baki suna magana har da waƙa. Nan ne fa aka taɓa mu, don da zarar sun yi magana dole a fassara, da an fassara kuma tabarma ta rabu, wannan na jin Larabci, wancan Faransanci. Na kwamfuta da aka fara a 2014, tela ya ce ɗinkin 'yan koyo ne, launi ya yi ƙyalli amma jiki a sandare.

Mata kuwa zancen duka suke yi, kuma ba za ka ce ba su da gaskiya ba, tunda su ke raba faɗa. Akwai gidan da aka kama ƙaramin ya laɓe bayan ƙofa da muciya yana jiran yayansa ya shigo. A talabijin kai kan baje ya dawo daidai kafin ka ƙifta ido, a tsakar gida sai an nemi kuɗin asibiti. Malamin boko da ke haya a gidan kusurwa ya ce ba mu kaɗai ba ne: a Mayun 2016, shugaban hukumar yaɗa labarai ta gwamnatin Masar, Salah Abdel Sadek, ya tsaya a Jami'ar Alƙahira ya lissafa Tom and Jerry cikin abubuwan da ke koya wa yaran Larabawa tashin hankali. Aka yi shiru, sai wani dattijo da bai cika magana ba ya ce shi ya ga yaƙin 1979, ya ga na 1980, ya kuma tsallaka Kuseri da tabarma a ka a Fabrairun 2008, kuma a iya saninsa waɗanda suka yi wa garin nan ruwan wuta ba a gaban katun suka koyo ba. Mai shayi ya ƙara masa kofi ɗaya kyauta.

Shi dai malamin bokon ne ya ɓata mana wata da muke ƙauna. Kun tuna matar nan baƙa mai jiki, mai silifas, da kusan ba a nuna komai nata sai ƙafafu da hannu da tsintsiya? Mu duk zatonmu ita ce mai gidan, har muna cewa ga irin Hajiyar layinmu. Ya ce an zana ta ne a kan siffar da fararen Amurka ke yi wa baƙar 'yar aiki, da lafazin da suke kwaikwayo don izgili. Bayan 1952 ba a ƙara sa ta ba, daga baya ma aka shafe ta a wasu aka zana farar mace a gurbinta, kuma a 2014 Amazon da iTunes suka manna gargaɗin wariyar launin fata a kan tsofaffin. Wasu suka ce da bai faɗa ba. Hajiya da kanta, da labari ya kai mata, cewa ta yi ita ba ruwanta da Amurka, matar ta iya riƙe gida.

Amma in za mu faɗa wa juna gaskiya, yawancin ƙiyayyar nan daga wuta take. Chadi na cikin ƙasashen da suka fi ƙarancin lantarki a duniya, kuma ko a babban birni, a zafin Afrilu da ma'auni ke haura 40, wuta in ta zo ba a san lokacin tafiyarta ba. Gida ɗaya, talabijin ɗaya, batirin sola ɗaya da ke fara kuka tun kafin goma. Mai gida na son labarai ko ƙwallo, uwar gida na jiran Labarina ko Daɗin Kowa, yara sun riga kowa damƙe rimot. Ka shigo da gumi, ka tarar ana ƙona maka sauran cajin a kan fitowar da kai kanka ka haddace tun kana da gajeren wando. Ina za ka so shi?

Waya kuma ta zo ta cire ɗan birkin da ya rage. Dā in tasha ta rufe ko kaset ya ƙare, shi ke nan. Yanzu masu tura fina-finai a bakin kasuwa za su cika maka memori da 'yan canji, kuma ko a watannin nan daga Maris 2018 zuwa Yulin 2019 da aka toshe kafofin sada zumunta a ƙasar, muzuru da ɓera ba su yi fashin kwana ɗaya ba, daga waya zuwa waya suke tsallakawa. Wa ke miƙa wa yaro wayar? Mu. In uwa na tuƙa tuwo ya dame ta, ta miƙa. In baƙo ya zo ana maganar kuɗi, uba ya miƙa. In an jima a ɗauko waya a tarar ta mutu, sai a hau zagin ɓera. Da wasu suka hana shi a gidajensu, yaran suka koma kan Masha, 'yar Rashan nan mai ɗan kwali da ke wahalar da wata dabbar daji mai haƙuri, ba a yi sati ba iyayen suka ce gara ɓeran, shi aƙalla ba ya tsiwa da baki. Masu manyan yara kuma na fama da Conan, ɗan binciken Japan da ake nunawa tun 1996, ya haura fitowa 1,000, har yau yana ajin farko na firamare.

Kwanan baya yaron kilandon nan ya so ya gyara tsakaninsa da manya, ya zo da wata fitowa ta 1944 a wayarsa, ya ce Baba mai hatsi ya kalla. A ciki an bar wa muzuru gadon dala miliyan ɗaya ta Amurka, da sharaɗin kada ya cutar da kowane mai rai, ko da ɓera ne. Ɓera ya samu takardar, ya tare a gidan, ya cinye abincin, ya ƙwace gadon kwana, da muzuru ya ɗaga hannu sai ya nuna masa sharaɗin. Daga ƙarshe muzuru ya yayyaga takardar ya hau shi da duka. Baba, wanda ya rantse ba zai ƙara kallo ba, ya ce a mayar masa wurin dukan. Sai da aka mayar har ya gamsu, sannan ya ce wannan muzuru ɗan halak ne, shi ma abin da zai yi ke nan.

Alhaji mai canji ya ciro waya ya buga lissafi, ya ce kuɗin nan sun haura sefa miliyan 500. "Baba, da wannan ai sai ka gina wa ɓeran ɗaki da fanka, ka riƙa aika masa gero duk Juma'a."

"Alhaji, kai ba ka taɓa ɗinke buhu ba."

"Ni dai a ba ni takardar in sa hannu."

Tela ya goyi bayan Baba, mai shayi ya bi Alhaji, Malam ya ce sai ya duba ko wasiyya ga dabba ma ta inganta. Ana cikin haka aka kawo wuta, benci ya watse, kowa na sauri ya riga 'ya'yansa kai hannu kan rimot.