Fasinjojin Kaka a Hanyar Ƙonni

A ƙasar Nowe, can ƙuryar arewacin Turai, jiragen ruwan Hurtigruten suna bin gaɓar teku tun 1893. A yau daga Bargen suke tashi zuwa Kirkenes, suna yada zango a tashoshi 34, kuma da kaka ta yi masu hali kan zuba maƙudan kuɗi don su zauna a bene su kalli duwatsu. Mutumin Adar, a Nijar, bai da teku, amma yana da kwaltar da ta bi gefen iyakar Najeriya. Daga Birnin Ƙonni take zuwa Tsernawa, inda ta rabu biyu: ɗaya ta miƙe gabas ta Malbaza da Galmi, ɗaya ta yi arewa ta Badagishiri har Tawa. Da an ɗaure damman gero an kai rumbu, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, motocin hanyar nan kan cika maƙil, kuma a nan abin kallon duk yana cikin mota.

Na farko shi ne sabon ɗan cirani. Adar ta yi suna wajen fitar da samarinta bayan girbi, wasu Abijan, wasu Legas, wasu Libiya, kuma kowace shekara akwai wanda wannan ce fitarsa ta fari. Ana gane shi da sabon aski da jakar da ya rungume a ƙirji, ya ƙi yarda a ɗora ta bisa. A cikinta akwai ƙullin gari da ƙuliƙuli daga wurin inna, da ƴar takarda mai lambar wayar wani ƙanen baba da ke Ajame ta Abijan, wanda rabon da a ji ɗuriyarsa tun bara waccan. Kowane lokaci kaɗan sai ya shafa aljihu. Tun kafin a fita unguwannin Ƙonni ya fara tambaya ko da saura da nisa.

Kusa da shi akwai tsohon hannu, wanda ya sha zuwa ya sha dawowa. Gilashi a ido ko da hazo, agogo ya fi wuyan hannu girma, magana kuwa rabi Hausa, rabi Faransancin kasuwa, da ɗan barbaɗin Julanci. Shi ya san kowane shinge daga nan har bakin teku. “Ƙanena, kwantar da hankalinka, in dai kana tare da ni ba mai taɓa ka,” in ji shi. A shingen jandarma na farko, shi ake saukewa saboda katinsa ya daɗe da mutuwa, sabon shiga kuma ya ranta masa abin da zai fanshi kansa.

Kujerar gaba ta Alhajin albasa ce, ba a ma jayayya. Albasar Galmi, ja mai ruwan hoda, ta kai sunan garin har kasuwannin Akara da Abijan. Ana haƙo mafi yawanta ne wajen Maris da Afrilu, lokacin da take arha, sai mai haƙuri ya zuba ta a rudu, ɗakin kara da ciyawa da iska ke ratsawa, ya jira. Kafin kaka wata ta ruɓe, wata ta tsiro, amma wadda ta tsira ta yi tsada. Shi ya sa a wannan lokaci Alhaji ke tafe da waya biyu, ɗaya a kowane kunne. Yana ce wa na Akara kaya sun ƙare ƙarƙaf, yana rantse wa manomin Dogarawa kasuwa ta faɗi. Duk motar na jin ɓangarorin biyu, ba mai cewa uffan, don shi ne zai saya wa direba shayi. Idan ya ajiye wayoyin sai ya juyo ya yi wa jama’a kukan talauci.

Sai Hajiya mai kaya. Ta tsallaka Illelar Najeriya, ƴan kilomitoci kudu da Ƙonni, ta yo sari. “Ɗan kayana kaɗan ne, yaro,” take ce wa karen mota, tana nuna leda guda. Sai an gama ciniki kabu-kabu uku su ɓullo da sauran: robobi, atamfa, katan ɗin taliya, tabarmi. Ta ga rufe iyakar da Najeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, ta ga na bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, kuma ko sau ɗaya shagonta bai rasa kaya ba. Wanda ya tambaye ta yadda aka yi, sai ta tambaye shi lafiyar iyali.

Akwai kuma baƙon da Illela ta ruɗa. Illela biyu ce: ta jihar Sakkwato a bakin iyaka, da ta Adar, wadda ake ratsewa daga Badagishiri a yi yamma. Ɗan kamasho ba ya tambayar wacce, shi dai ya ji “Illela” ya tura mutum ciki. Baƙo na zaune yana jiran ya ga tutar kore da fari, sai ya ga tsaunukan Adar suna ta ƙaruwa. Tun a tasha ma an rikita shi, don a Nijar da dala ake ƙirga, kowace dala faran biyar. Aka ce masa ruwan sanyi dala biyar, ya zaci ta Amurka ake nufi, ya haƙura da ƙishirwarsa.

Ba a rasa Mushe, malamin lakwal da ya yi ritaya amma bai daina koyarwa ba. Oktoba watan komawa makaranta ne, jikinsa kuma ya saba, don haka motar ce ajinsa. Tun daga tasha zai fara da Mayun 1899, lokacin da ayarin Bule da Shanuwan, sojojin Faransa, suka ƙone Birnin Ƙonni suka karkashe mutanenta, bayan karonsu da Sarauniya Mangu a Lugu. Zai ƙara da cewa kafin Yuli ya fita sojojinsu da kansu suka gama da su biyun. In motar gabas ce, da an hango dogayen gine-ginen kamfanin siminti sai ya shaida wa kowa cewa tun shekarun 1960 ake yin siminti a Malbaza, kuma a 2011 ta zama gunduma mai cin gashin kanta daga Ƙonni. Duk gaskiya ne. Matsalar ita ce yakan tsaya ya yi tambaya, ya kuma nuna mutum da yatsa.

Mai rakiyar mara lafiya zuwa asibitin mishan na Galmi, wanda ke aiki tun 1950, shi ma da nasa salon. Ƙarshen damina lokacin zazzaɓin sauro ne, majinyacin na kwance shiru a jikin taga. Ɗan rakiyar ne ke nishi, shi ke neman a rage gudu, shi ke shanye kunun da aka damo wa mai ciwo. Kafin a isa ya ba fasinja uku shawara, ya rubuta wa direba saiwar da zai jiƙa.

Mai ciye-ciye kuwa kaka ta shi ce. Mota na tsayawa farantai su kewaye ta kamar ƙudaje sun ga mangwaro: dafaffiyar gyaɗa, gasasshiyar masara, takanɗa, soyayyar fara da yaji. Ba ya wuce ko ɗaya. Hannunsa na waje yana karɓar canji mota na tafiya, ɓawon gyaɗa kuma a cinyar maƙwabci. Yana da kirki dai, sai ya kai loma ta ƙarshe yake cewa “Bismillah, jama’a.”

Na ƙarshe ba a san da shi ba sai a makare. Wani dattijo ne shiru-shiru da ya riga kowa zuwa tasha tun asuba, don haka buhun geronsa aka fara shimfiɗawa a bisan mota. A kansa aka jera robobin Hajiya, da tabarmi, da babur ɗin wani, da akuya biyu, karen mota ya ja raga ya ɗaure tamau. Ana wuce Tsernawa kaɗan, a wani fili da babu ko bukka, dattijo ya ƙwanƙwasa jikin mota.

“Direba, nan ni ka sabka.”

“Baba, ba Tawa ka ce ba?”

“Hanyar Tawa ni ce, ɗana.”

Karen mota ya ɗaga kai ya dubi tulin kayan, ya tuɓe riga ya fara kwance igiya. Hajiya ta fito tana ƙirga robobinta ɗaya bayan ɗaya, Alhaji ya sanar da Akara cewa yana tsakiyar wani muhimmin taro, Mushe kuwa ya tara waɗanda suka sauko a inuwar gawo ya koma kan 1899.