Ɗabaƙoƙin Jama'a a Ƙananan Gidajen Kiɗa na Birtaniya

Duk wanda Allah ya nufa da zama a Birtaniya, ya kuma saba leƙa ƙananan gidajen kiɗan nan na ƙarƙashin ƙasa ko na saman mashaya, inda samari huɗu ko biyar masu jita da ganga, waɗanda babban kamfani bai ɗauka ba tukuna, suke kaɗa abin da ake kira indi, to ya san cewa rabin kallo yana cikin 'yan kallo ne. A zamanin ɗalibtata na zagaya irin waɗannan wurare a Landan da Manchesta da Gilasgo, da kwalbar lemo a hannu, kuma ko da yake akasarin makaɗan sun shige mini, jama'ar da ke tsaye a ƙasa har yau ina iya kasa su ɗabaƙa-ɗabaƙa.

Na farko shi ne Mai Riwaya, wanda babu wani dare mai tarihi da bai halarta ba. A shekarar 1976 ƙungiyar Sex Pistols ta yi wasa a ƙaramin zauren Lesser Free Trade Hall na Manchesta gaban mutum wajen arba'in, amma waɗanda suke rantsuwa a yau cewa da su aka yi, in an tara su, sai an nemi filin ƙwallo. Haka kuma daren 1993 da Alan McGee, mai kamfanin Creation, ya ga ƙungiyar Oasis a gidan kiɗan King Tut's na Gilasgo ya yi musu tayi, ɗakin da mutum ɗari uku kaɗai yake ci. Idan ka matsa wa Mai Riwaya da tambaya, sai isnadin ya fara tsawo, ya koma cewa haƙiƙa wansa ne ya je, ko kuwa abokin wan nasa, wanda shi ma a bakin ƙofa ya tsaya.

Na biyu shi ne Zahidi, sai dai zuhudun nasa a madadin wasu yake yinsa, domin yana ƙaunar makaɗa ne gwargwadon talaucinsu. Muddin suna kwana cikin mota, suna raba gurasa ɗaya su biyar, to a wurinsa babu kamarsu a doron ƙasa. Ranar da ya ji muryarsu a rediyo kuwa, ranar zai yanke hukuncin cewa sun sayar da mutuncinsu. Na ji irinsa yana ta'aziyyar 'yan ƙungiyar Arctic Monkeys tun a 2006, shekarar da faifansu na farko ya fito, bisa hujjar cewa albarkarsu ta ƙare a mashayar Grapes ta Shafil, inda suka fara wasa a 2003.

Na uku shi ne Dogo, wanda ba ya isowa sai an fara, kuma duk faɗin ɗakin ba ya ganin wurin tsayawa sai gabanka. Inuwar giginya ce, na nesa ka sha: waɗanda ke can baya suna hango dandamali ta gefensa, kai kuwa da ka biya kuɗinka ka zo da wuri, ƙeyarsa za ka kalla har a tashi.

Na huɗu shi ne Muhaƙƙiƙi, mai tsayawa kusa da mai sarrafa sauti, hannu a harɗe, wanda yake ganin rawa makaruhi ce, tafi kuma israfi, iyakar yabonsa shi ne ya gyaɗa kai sau ɗaya. Maƙwabcinsa, Mai Kira, ya saɓa masa a mazhaba, gama tun daga buɗe taro har rufewa sunan waƙa guda yake kwarmatawa, ko da an riga an yi ta, ko da ma ta wata ƙungiya ce dabam.

Ta ƙarshe, kuma mafi daraja a wurina, ita ce Mahaifiyar Mai Ganga, dattijuwa mai zama a kujera ɗaya tilo da ke ɗakin, da auduga a kunne, tana tafi a inda ya dace da inda bai dace ba. Ita ce ke sayen rigar da ake tallatawa a bakin ƙofa, alhali akwai irinta cike da kwali a gidanta, ita ce kuma mai motar da za a loda kayan kiɗa. Dukan sauran suna bukatar yaran nan su dawwama a wannan ɗaki mai zafi domin su sami abin alfahari, amma ita addu'arta kullum Allah ya fitar da ɗanta daga cikinsa, ko dai zuwa babban zaure, ko kuwa, in hakan ya faskara, zuwa aikin banki.