Ayarin Cape Town: Kowa da Kiɗan da Ya Karɓe Shi

Kafin biza ta fito bakin kowa ɗaya ne: za a je Cape Town, a hau Dutsen Tebur, a ga kurkukun Mandela, a dawo da tsaraba. Rigima tana tashi ne a zaman shirya tafiya, ranar da wani ya karanto cewa an ware kwana biyu don fita Stellenbosch da Franschhoek, yankin gonakin inabi da ke bayan gari, inda ake matsar giyar da Afirka ta Kudu ke tinƙaho da ita. Sai ɗaki ya yi tsit, wani ya yi gyaran murya, sannan kowa ya fito da halinsa. Ko ayarin 'yan kasuwa ne, ko na malaman jami'a da suka je taro suka ƙara kwanaki, akwai mutanen da ba a rasa su.

Na farko shi ne Sarkin Jadawali. Yawanci tsohon ma'aikacin gwamnati ne, kuma tun saura wata biyu ya buga takarda mai shafi huɗu, kowace awa da aikinta. Ya san keken igiyar da ke haurawa da mutane kan dutsen ya fara aiki a 1929, ya san kowane ɗaki yana ɗaukar mutum 65, yana juyawa a hankali don kowa ya ga gari, kuma cikin kamar minti biyar ake kaiwa. Iska ce kawai bai sa a lissafi ba. Idan iskar kudu maso gabas da 'yan gari ke kira Likitan Cape ta taso, gajimare yakan lulluɓe kan dutsen kamar an shimfiɗa masa mayafi, a rufe keken sai ta lafa. Jirgin ruwan da ke zuwa tsibirin Robben, inda Mandela ya yi shekara 18 cikin 27 na ɗaurinsa, shi ma sai teku ta ba da izini yake tashi. Dabarar 'yan gari ita ce duk safiyar da ka ga dutse tas, ka ajiye komai ka hau. Shi kuwa zai tsaya gaban rufaffiyar ƙofa yana nuna wa mai gadi takarda, yana cewa, "Amma ai yau Talata." Abu ɗaya ne a garin yake faranta masa rai: igwar Signal Hill da ake harbawa ƙarfe sha biyun rana daidai, al'adar da ta samo asali tun 1806. Da ta tashi kowa zai zabura da salati, shi kaɗai zai dubi agogo ya gyaɗa kai kamar shi ya ba da umarni.

Kusa da shi akwai Alhaji Nawa-ke-nan-a-Naira. Duk farashin da ya ji sai ya shigar da shi kalkuleta, ya ja tsaki. A gidan abinci ba ya gane dalilin ƙara wa mai kawo abinci kashi 10 cikin ɗari bayan an biya. A wurin ajiye mota, idan mai gadi sanye da rigar ruwan ɗorawa ya matso karɓar ɗan ihsani, tambayarsa ɗaya ce: "Wa ya sa shi?" Amma ranar da aka yi masa bayanin ɗanɗanon giya ne ya kusa faɗowa daga kujera. An ce masa ana biya, a jera wa mutum kofuna, ya shaƙa, ya kurɓa, ya kuskure baki, ya tofar a wani kwano da aka tanada. "Tsaya, Malam. A biya kuɗi, a kurɓa, a tofar? Wannan ai ko a haram ɗin ma almubazzaranci ne." Ransa bai yi fari ba sai da ya ji cewa baƙo na iya karɓar harajin kashi 15 na kayan da ya saya a filin jirgi. Daga nan ya shiga tara rasit, har na shayi, duk da an gaya masa kayan da za a fita da su kaɗai ake mayar wa.

Ustaz kuwa tun ba a gama karanta sunan Stellenbosch ba ya ce, "Ba da ni ba." Ya tunatar da jama'a cewa haramcin giya bai tsaya kan mai sha kaɗai ba, ya ce zai zauna a otal. Abin mamaki, shi ne ke dawowa da labari fiye da kowa. A unguwar Bo-Kaap yake cin karo da Masallacin Auwal, wanda aka kafa a 1794, ya ji tarihin Tuan Guru, malamin da Turawan Holan suka koro daga tsibirin Tidore na Indunusiya a 1780 suka ɗaure a Robben, inda ya rubuta Alƙur'ani da ka. Nan take Ustaz zai ce, "Ashe alaramma ne!" Sai kuma a gaya masa cewa kabarin Shehu Yusuf na Makassar, wanda aka kawo gudun hijirar dole a 1694 ya rasu a 1699, yana kan hanyar da za a bi zuwa gonakin. Shi ke nan, Ustaz ya shiga mota, amma ya shaida wa kowa cewa ziyara ta kai shi. Abin da ba ya son a tuna masa shi ne daren farko a otal, lokacin da ya shimfiɗa darduma ya fuskanci gabas kamar yadda ya saba, alhali daga Cape Town alƙibla ta fi karkata arewa.

Hajiya Mai Guzuri ba ruwanta da gardamar inabi. Damuwarta ciki. Ta tabbata a ƙasar nan ba abin da Musulmi zai ci, don haka akwati guda na kilishi ne da dambun nama da yaji da daddawa. Sai an yi da gaske ake fahimtar da ita cewa nama ba ya shiga Afirka ta Kudu ba tare da takardar izini ba. Da ta isa kuma sai ta tarar da shaidar halal manne a ƙofar gidajen abinci birjik, ga biriyani, ga samosa, ga bobotie na niƙaƙƙen nama da ƙwai a sama, ga koesister mai kwakwa da ake ci da safiyar Lahadi. Ta ɗanɗana biltong, busasshen namansu, ta yanke hukunci: kilishi ne da aka manta ba a tsoma shi a ƙuli da yaji ba. Babban abokin gabarta yana Cape Point, wato gwaggon biri. Doka ta hana ba su abinci, su kuma ba su jira a ba su, har ƙofar mota sun iya buɗewa. Duk ledar da ke hannun Hajiya, a ganinsu rabonsu ne.

Sai Na-Sani, wanda bai taɓa zuwa ba amma ya gama garin a YouTube. Idan a watan Yuli za a tafi, zai ce, "Ai Afirka ce," ya zuba kaftani marasa nauyi a jaka, ya sauka tsakiyar hunturu da ruwan sama, don can daga Yuni zuwa Agusta ne sanyi. Zai tsaya a Cape Point ya sanar da ayari cewa nan ne ƙarshen nahiya, alhali ƙarshen yana Cape Agulhas, tafiyar kusan awa uku daga birni. Idan ya karɓi tuƙi, a hannun hagu ake bi, sai ya riƙa kunna abin goge gilashi duk lokacin da zai sa sigina. Da ya tambayi hanya aka ce ya karya kwana a wurin robot, sai ya wuce danja uku yana neman mutum-mutumi, bai san danja suke kira haka ba.

'Yar Hoto ta shirya tafiyarta ne bisa launin mayafi. Mai ruwan hoda na gidajen Bo-Kaap ne, ko da yake takan manta cewa gidajen mutane ne, har sai wata dattijuwa ta leƙo tana neman hanyar fita daga ƙofarta. Fari na bakin tekun Camps Bay ne, inda ta tsoma ƙafa ɗaya ta fito da gudu, don ruwan Atlantika a wannan gefen kamar daga firji aka zubo shi. A Boulders ta miƙa hannu za ta shafa tsuntsun fengwin, aka ce mata yana cizo. Amma fitinar gaske tana Franschhoek. Ta hau ɗan jirgin ƙasan da ke zagaya gonaki tun 2012, aka ba ta lemon inabi zalla a dogon kofin gilashi, ta ɗaga shi rana na dukansa, ta ɗora a WhatsApp. Ba a yi minti goma ba wayar Gwaggo ta shigo. "Ke, mene ne wannan a hannunki?" Sauran yinin ta ƙare shi tana rantsuwa, tana tura hoton kwalbar da rubutun jikinta.

Wanda ya fi kowa cin ribar kwana biyun shi ne Manomi. Shi bai ga giya ba, gona ya gani. Ana nuna wa baƙi ɗakin ganguna, shi yana tsugune tsakanin kunya yana murza ƙasa, yana tambayar taki da ban ruwa, da shekara nawa kurangar inabi ke yi kafin ta ba da 'ya'ya. Aka ce kamar uku. Ya ji labarin farin 2018, lokacin da aka taƙaita wa kowane mazaunin Cape Town lita 50 a rana, ya ce wannan ya san shi. A gonar Vergenoegd ya ga rundunar agwagi ana kora su cikin inabi su cinye dodon koɗi a madadin feshi, ya tsaya baki buɗe, yana lissafin yadda zai gwada a fadamarsa.

Shi ne kuma ke yin tambayar da ke sa mai jagora gyara tsayuwa. An ba da tarihi tiryan-tiryan: Jan van Riebeeck ya matsi inabin farko a 1659, Gwamna Simon van der Stel ya kafa Stellenbosch a 1679 da gonar Constantia a 1685, Faransawa masu gudun tsangwamar addini suka iso a 1688, shi ya sa ake kiran wurinsu Franschhoek, wato lungun Faransawa. Manomi ya ce, "To, duk na ji. Su wa suka riƙe fartanya?" Amsar tana rataye a tsakar tsofaffin gonaki, inda har yau ake ganin ƙararrawar da ake kiran bayi da ita. Daga Indunusiya da Indiya da Madagaska da Mozambik aka kawo su, ba a soke bautar ba sai 1834, kuma bayan nan an daɗe ana biyan leburori wani ɓangare na ladansu da giya, al'adar da ba ta mutu ba sai wajen shekarun 1990. Da yawa daga Musulmin Cape jikokin bayin da aka kawo wannan yanki ne. Ustaz, da ke zaune gindin wata bishiya yana cin nonon inabi, ya ji wannan ya matso kusa.

Na ƙarshe shi ne Ɗan Rakiya. A zaman shiri bai ce uffan ba, sai dai, "Ni duk yadda kuka yi." Amma shi kaɗai ya san cewa pinotage irin inabi ne da Abraham Perold ya haɗa a 1925, kuma bai faɗi inda ya koya ba. A gona yakan ce zai zagaya ban ɗaki, ya yi minti arba'in, ya dawo yana tauna cingam yana yabon tsarin gine-gine. Abokin tafiyarsu Kirista, wanda ya ɗanɗana nasa a fili ya ce ya yi masa tsami, shi ake ta yi wa tsiya, Ɗan Rakiya na taya su.

Ranar dawowa, a wurin awon kaya, aka ga wani dogon kwali a jakarsa, an naɗe shi da rawani. Ya ce man zaitun ne, kuma gaskiya gonakin yankin suna matsar man zaitun mai kyau. Hajiya ta ce a sam mata kwalba ɗaya, ya ce saƙon mutane ne. Alhaji ya zaro kalkuleta ya ce, "Kawo rasit ɗin mu karɓo maka harajinka." Ɗan Rakiya ya lalube aljihun gaba, ya lalube na gefe, ya ce da alama gwaggon biri ya tafi da shi.