Injinta Lafiya Lau

A kowace unguwa akwai motar da ta fi mai ita suna. Yara sun san kukan salansarta tun daga kwana, mai shago ya san lokacin da za a zo aron jarkar ruwa, in kuwa aka yi sa'a ta tashi da asuba, to babu wanda zai makara salla a layin. Ita ce akwala. Ba ta tafiya yadda ake so, ba ta sayuwa, ba ta kuma mutuwa kowa ya huta.

Yadda aka yi ta yawaita ba ɓoyayye ba ne. A 1975 aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna, daidai lokacin da kuɗin Udoji ya cika aljihun ma'aikata, har matsakaicin ma'aikacin gwamnati kan karɓi rancen mota ya fito da 504 fil a leda. Da tsarin SAP ya zo a 1986 naira ta faɗi, sabuwar mota ta koma ta ofis da ta manyan attajirai, sauran jama'a suka rungumi 'yar Kwatano, wadda Bature ya gama cin amarcinta a Beljiyam ko Jamus. A farkon 2017 aka hana shigo da mota ta kan iyakokin ƙasa, a watan Mayun 2023 aka janye tallafin fetur, kafin shekara ta zagayo dala ta haura naira 1,500. Tun daga nan duk mai mota, kowace iri ce, ya riƙe abarsa gam, don ya san in ya sake ta kuɗinta ba zai saya masa wata ba. Sai dai babu wanda zai faɗi haka a majalisa. Kowa da hujjar da yake rufa wa kansa asiri da ita, kuma ta hujjar ake gane rukuninsa.

Mai "ɗan ƙaramin abu ne"

Wannan bawan Allah bai taɓa yarda cewa motarsa ta lalace ba. Za ka tarar da shi a gefen titin Zariya da tsakar rana, bonet a buɗe, tururi na tashi, ka ce, "Alhaji, lafiya dai?" Ya ce, "Lafiya ƙalau, ɗan hutawa take yi." Ƙofar direba ba ta buɗuwa ta ciki, sai ya zura hannu ta taga. Gilashin baya da sukundireba aka tokare shi. Hon ba ya kuka sai an haɗa bakin wayoyi biyu. Ma'aunin mai ya tsaya a rabi tun zamanin Obasanjo. Fitilar gargaɗi da ta kama a gaban sitiyari ta dame shi, ya sa baƙin salatif ya liƙe ta, matsala ta ƙare.

In ya rage maka hanya, kafin ka zauna sai an karanta maka dokoki. Kada ka buga ƙofa, ɗaga ta sama kaɗan sannan ka ja. Kada ka jingina da ƙarfi. Kada ka taka kwalin nan, ƙarƙashinsa titi ne. Yana gamawa sai ya shafa sitiyari ya ce, "Ka bar ganin jikinta, injinta lafiya lau."

Masanin gangara

Batirinsa ya daɗe da mutuwa, saboda haka ya zama masanin ƙasa ba tare da ya shiga aji ba. Ya san kowane tudu da kwari na gari. In aka kawo masa katin ɗaurin aure, tambayarsa ta farko ba wa za a aurar ba, a'a, "Layin naku yana da gangara?" Ya canza masallacin Juma'a sau da dama, ba don wani saɓanin aƙida ba. Rashin sa'arsa shi ne Kano gari ne shimfiɗaɗɗe, in ka cire Dala da Gwauron Dutse. Takwaransa na Jos a cikin ni'ima yake bai sani ba.

Inda babu gangara akwai yaran unguwa. Ya murɗa mukulli, ya sa giya ta biyu, ya danne kuloci, ya leƙo ta taga yana ba da umarni: "Ku tura! Ku ƙara! Saura kaɗan!" Ya saki kuloci, ta yi tari, ta yi atishawa, ta feso wa masu turin baƙin hayaƙi a fuska, ta tashi. Sai dai ka ga hannu ta taga da "Allah ya yi muku albarka" daga nesa. Ba rowa ba ce, in ya tsaya sallamar yara ta mutu, a koma farko. Ƙanensa na zamani da ya sayi mai giyar otomatik ya fi shi shan wuya, don ita turi ba ya ta da ita. Shi kullum da wayoyi biyu a hannu yake tsaye bakin titi yana tare motoci: "Yallaɓai, don Allah a ɗan sammini wuta."

Magajin marigayi

Tasa ba ta ma hawa titi. Tana nan a ƙofar gida bisa bulo huɗu, 504 ce mai launin da sai dattawa ke iya tunawa. Kaza ta yi ƙwai ta ƙyanƙyashe a kujerar baya, akuya ta mai da ƙarƙashinta ɗakin kwana, but ɗin ya zama rumbun dusa. A rabon gado ita kaɗai ce babu wanda ya ce yana so, kuma babu wanda ya yarda a sayar. In ƙanne suka ce, "Yaya, a sayar da ita mana a raba kowa ya ɗan rage zafi," sai ya ɓata rai: "Motar Baba? Sai dai bayan raina."

Daga nan sai tarihi. Da ita aka ɗauko amaren gidan duka. Da ita aka je Maiduguri aka dawo ba a buɗe bonet ba. Ranar da ya samu kuɗi zai tayar da ita ya ba matasa mamaki, ai da tsohuwar zuma ake magani. "Irin wannan ƙarfen ba a yin sa yanzu," in ji shi. A nan kam gaskiyarsa ce, shi ya sa 'yan gwangwan ke yawan ratsawa ta layin suna gaishe shi da ladabi.

Rabin bakanike

Wannan ya gaji da biyan kuɗin aiki ya ce ai ba wani abu ba ne. But ɗinsa babu wurin jakar fasinja: jarkar ruwa biyu, sifana, filaya, tulin waya, tsohon tub na taya da aka yanka zare-zare, da sabulun wanki na liƙe tanki in ya fara yoyo. Ya iya tsotso fetur da baki ya fesa a kafireta, shi ya sa ko a sahun salla ana gane inda yake tsaye. Farar shadda ta haramta a gare shi, uwargida ta gaji da wanki ta zuba ido.

Yana da fatawoyi. Ƙaramin ƙarfen nan da ke daidaita zafin ruwan inji ya cire ya yar, wai na ƙasar sanyi ne. Fankar lagireto ya haɗa ta kai tsaye da batir, tana juyawa ko da sanyin Janairu. Inji ya daina kaiwa zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, mota ta koma shan mai fiye da da, shi kuma ya ce gidajen mai ne ke taɓa lita. Duk gyaran da ya yi sai noti uku sun yi saura, ya jefa su aljihu ya ce Bature ya cika ɓarna. Tafiyar Kano zuwa Kaduna, kusan kilomita 230, zango-zango yake yin ta kamar fatake: a sha ruwa a Kwanar Ɗangora, a duba fulogi a Tashar Yari, a yi la'asar da ɗaure salansa a Zariya.

Ɗan gidan gareji

Shi kuma akasin wancan ne, ya miƙa wuya. Motarsa ta fi kwana a gindin bishiyar bakanike fiye da ƙofar gidansa. Ya san sunan kowane yaron gareji, an gayyace shi sunan 'ya'yan maigidansu, mai shayin wajen har bashi yake ba shi. Kalmar da ya fi ji a duniya ita ce, "Oga, gobe da yamma ka zo ka ɗauka."

Binciken cutar da lalube ake yi. Yau a ce fulogi ne, a canza. Gobe famfon mai. Jibi a kira mai wayarin ya yanke wayoyi ya sake ƙullawa. Gata a kalle shi da tausayi a ce, "Gaskiya sai an sauke inji." Ya zama ɗan gari a kasuwar Ƙofar Ruwa, in ɗan Kaduna ne a Panteka, inda kullum yake tsaka mai wuya: ko ya sayi sabo na kwali da ba a san asalinsa ba, ko na Beljiyam da aka ciro daga wata motar da ta riga tasa rasuwa. In ya ɗan yi kwanaki bai leƙa ba, sai ya ga madubinsa a jikin motar wani, a ce masa aro aka yi don gwaji. Duk da haka za ka gan shi a bayan A Daidaita Sahu, an matse shi tsakanin mutum biyu da buhun albasa, yana kaɗa mukullin mota a ɗan yatsa don kada a yi masa kallon mara shi.

Mai galan a kan rufi

Tsohon galan da aka ɗora a kan rufin mota alama ce ta sayarwa. Na wannan mutumin rana ta dake shi har ya koɗe, an canza wani. Lissafin farashinsa mai sauƙi ne: kuɗin da ya saye ta, a tara da duk abin da ya taɓa kashewa a gyara, a ninka da tashin dala. Kafin mai saye ya iso ya riga ya tayar da ita ta yi ɗumi, ya zuba mata baƙin mai mai kauri don hayaƙi ya lafa, ya ƙure rediyo don kada a ji ƙarar ƙafa. Dillali na gefe yana rera nasa: "Wata Hajiya ce ke hawa, daga gida sai asibiti. Fentin kamfani ne, ko Wudil ba ta taɓa zuwa ba."

Mai saye ya zagaya, ya leƙa ƙasa, ya taya. "Albarka." Ya ƙara. "Albarka." Ranar da wani ya gaji ya ce ya saya a yadda aka faɗa, sai ka ga mai mota ya fara kame-kame: "To, bari in ɗan yi shawara da iyali." Ya riga ya zaga wajen masu sayar da motoci ya ji farashi, ya gane cewa kuɗin da za a ba shi babur za su saya, da ɗan canji.

Mai zargin baki

Duk abin da ya sami motarsa, mutum ne. Ranar da ya sayo ta maƙwabcinsa ya ce "kai, ta yi kyau" bai ce masha Allah ba, tun daga nan ba ta ƙara lafiya ba. Akwai laya a madubi, akwai wata a ƙarƙashin kujera, an yi sadakar ƙosai, an turara ta da hayaƙi kala-kala ban da wanda take yi da kanta. In bakanike ya zaro ma'aunin baƙin mai ya ga ya koma kwalta, ya ce, "Ranka ya daɗe, yaushe rabon da a yi mata juye?" sai ya yi shiru yana ƙirga sallolin layya da yatsu. Ko an nuna masa, ba ya sauka daga kan bakansa. Wa ya mantar da shi yin juyen in ba maƙiya ba?

Dangi na cikin gida

Kada masu tafiya a ƙasa su yi dariya da yawa, don akwala ba sai mai taya huɗu ba. Akwai Hajiya mai firjin kayan ɗaki, wanda ya daina sanyi tun goyon fari, yanzu ya zama ma'ajiyar garin tuwo, daddawa da takardun makarantar yara, tana kuma yabonsa da cewa ɓera ba ya shiga. Akwai fankar sama da sai an tunkuɗa ta da muciya take fara juyawa. Akwai mai ɗan ƙaramin janareta da zai kankare fulogi, ya ja igiya har kafaɗa ta sage, yana tashi yara su kwashe da ihun an kawo wuta. Akwai saurayi mai wayar da aka ɗaure da kyauro, wadda ba ta caji sai an karkata wayar caja an danne ta da littafi, kowa a ɗakin ya daina motsi. Ya je kasuwar waya ta Farm Centre an faɗa masa kuɗin gilashi, ya dawo ya ce ai ya saba karatu ta tsakanin tsagar.

A cikin duk masu hulɗa da waɗannan bayin Allah, mutum ɗaya ne ke faɗa musu gaskiya tsirara, shi ne ɗan gwangwan mai sikeli. Shi ba ruwansa da tarihi, ko fentin kamfani, ko lafiyar inji, kilo nawa ce kawai. Shi ya sa babu wanda suka tsana kamarsa. Sauranmu kuwa mun san wanda ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa, mun kuma san abin da ya hana shi sayen ƙwarya. A garin da in ana binciken aure ake cewa "ai mai mota ne" ba tare da an tambaya ko tana tashi ba, akwala na ɗauke da mutuncin gida ko da ba ta iya ɗaukar mutanen gidan.

Saboda haka in ka tarar da ɗayansu a hanya, ladabin abin sananne ne. Kada ka tambayi me ya same ta, kada ka ba da shawarar a sayar. Naɗe hannun riga ka sa kafaɗa, in ya ce injinta lafiya lau ka ce ai da gani babu tambaya. In za ka yi masa addu'ar Allah ya musanya da sabuwa, ka yi ta a hankali, ka kuma duba ko bakanikensa na kusa, don shi ba zai ce amin ba.