Ƙofa Biyu da Suruka

Tun da aka hana babur yawo a cikin garin Jalingo, Keke Napep ne ke yanka wa kowa gudun da zai yi. Mai jif da mai akwalar Golf duk a bayansa suke jeruwa a Hammaruwa Way, yana tafe yana leƙen fasinja, in ya hango mace da kwando a bakin titi ya taka birki ba sigina ba sallama. A irin wannan gari ne zuciyata ta kwanta a kan mota mai gudu, irin wadda in ka taɓa totur ƙeyarka za ta bugi kujera.

Uwargida ba ta hana ba. Kuɗin ma da nata a ciki, don sai da ta kwashi adashinta aka haɗa da kuɗin masarar da na noma a wajen Garba Chede, da ɗan rancen ƙungiyarmu ta ofis, sannan muka tashi naira miliyan shida. Sharaɗi ɗaya ta gindaya.

"Malam, ka sayo ko jirgi ne, amma ya kasance da kujerar baya. Ga yara, ga Inna."

Na ce, "An gama."

Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan sharaɗi yadda ya fito daga bakinta, domin har gobe a kansa nake tsaye. Kujerar baya ta ce. Ba ta ambaci ƙofa ba.

Miliyan shida a ƙarshen 2024 kuɗi ne a wurin mai su, amma dillalin mota ko gyara zama ba ya yi in ya ji su. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500, kuɗin kwastan ya bi sahunta, tokumbo ta fi ƙarfin ma'aikaci. 'Yar Kwatano da iyayenmu suka dogara da ita kuwa, tun farkon 2017 aka hana shigo da mota ta iyakokin ƙasa. Abin da ya rage wa irina shi ne ta-hannu, wadda wani ya ci moriyarta ya gaji.

Bakaniken unguwarmu ya ba ni shawara kyauta. Ya ce in gudu nake so da rufin asiri, in nemi Camry mai silinda shida, ƙirar 2007 zuwa 2011, injin lita 3.5, ƙarfin doki 268, ƙofa huɗu, kayan gyaranta kuma ko a nan Jalingo ba a rasa su. In ba ita ba, Accord mai silinda shida. Lexus IS350 mai doki 306 ta fi su duka, sai dai ya ce kada ma in tambayi kuɗinta don kada hawan jini ya kama ni. Na gode masa. Amma Camry? Ranar Juma'a in an sallame, sai mutum ya danna rimot ya ga wadda ta amsa kafin ya gane tasa. Ban sayar da masarar shekara guda don in ɓace a cikin jama'a ba.

Ana cikin haka wani dillali a Abuja ya turo min hotuna ta WhatsApp. BMW 335i ce ƙirar 2008, baƙa wuluk, silinda shida a jere, turbo biyu, ƙarfin doki 300. Daga tsaye zuwa gudun kilomita 100 ba ta cika daƙiƙa shida. A kan 250 ma masu ƙera ta ne suka sa mata takunkumi, ba don ta gaji ba. Kuɗinta kuma bai kai na Camry mai lafiya ba, saboda irin waɗannan motoci in suka tsufa tsoronsu ake yi: kusan kowane ƙarfe nasu sai an aika Ladipo a Legas ko Apo a Abuja, ga ƙarancin masu iya taɓa su.

"Alhaji, wata Hajiya ce ke hawanta. Daga gida sai kasuwa."

Ban taɓa zuwa Makka ba, amma ban gyara masa ba. Na tambaye shi kujerar baya. Ya turo hoto: fata ce mai sheƙi, ko alamar zama babu a jikinta. Ya rantse ba wanda ya taɓa zama a kai. A duk maganganun da ya yi min, wannan ce kaɗai ta tabbata.

Na je na ɗauko ta, na biyo ta Lafiya da Makurɗi da Wukari. A Namnai, cikin ƙaramar hukumar Gassol, gadar da ruwa ya karya a watan Agustan 2024 tana nan a karye. Haka aka lallaɓa motar da ake yi wa takunkumi a kan gudun 250 aka ɗora ta a jirgin fito, tsakanin buhunan doya da akuyar wani bawan Allah da ta yi ta lasar fitilar gaba har muka haye.

Layinmu a Kachalla Sembe ba kwalta, kuma akwai kwalbati a ƙofar gidan. Ban taɓa sanin yana da tudu ba sai ranar. Bambar gaba ta gaishe shi da ƙara, yaran layi suka yi shewa. Uwargida ta fito da mayafi a kafaɗa, ta zagaya motar a hankali, ta sake zagayawa ta ɗaya gefen.

"Malam, ina sauran ƙofofin? Ko sai an cika kuɗi za a kawo su?"

Na kwantar da kujerar gaba na nuna mata na baya, lafiyayyu, guda biyu. Biyun ne kuma tak, don a tsakaninsu akwai wani dogon akwati da ya taso tun daga wurin giya har baya. Ita kuwa lissafin tasha ta yi, inda Golf ke ɗaukar biyu a gaba, huɗu a baya. Ta dubi akwatin ta ce auta a nan zai zauna ke nan, a kan wurin ajiye kofi.

Washegari na kai ta gareji a duba baƙin mai. Bakanike ya buɗe bonet ya tsaya. Ya leƙa dama, ya leƙa hagu, ya aiki yaronsa ya kawo tocila, ya kwanta a ƙasa ya taso.

"Oga, wa ya sace maka gejin mai?"

Ba wanda ya sata. Injin ba shi da sandar auna mai ko kaɗan, a allon gaban direba ake dubawa. Ya nemi batir, shi ma babu. Sai da yaron ya buɗe but aka same shi a lungu yana hutawa. Safaya kuwa ba a yi mata wuri ba tun daga masana'anta, saboda da tayoyi masu iya tafiya ko sun yi faci ake sayar da motar. Hajiyar kasuwa ta daɗe da cinye waɗannan ta saka na gama-gari. Dole na sayi safaya da jak na jefa a but, but ya cika. Bakanike ya goge hannu da tsumma ya ce, "Wannan ba ta sifana ba ce, Oga, ta kwamfuta ce. Mai kwamfutar kuma yana Abuja."

Ranar da aka yi ta ta ƙare ita ce ranar suna a Sunkani, cikin zafin watan Maris.

Ni da Inna ba mu taɓa haɗa ido ba tun da na auri 'yarta. In ta shigo gida, ni waje nake yi. Gaisuwa daga bayan labule, a durƙushe. Saboda haka maganar ta zauna a gaba kusa da ni ba ta ma taso ba. Aka tsara Bappa a gaba, Inna da uwargida a baya da auta a cinya da kulolin abinci a ƙafa, Goggo da sauran yara su bi Golf ta haya.

Inna dattijuwa ce mai jiki, ga ciwon gwiwa, ga ɗaurin ɗankwali da aka ɓata lokaci a kansa. Shiga bayan mota mai ƙofa biyu kuwa sai ka sunkuya, ka tura ƙafa ɗaya, ka cusa kai ta ƙarƙashin rufi, ka juya kwankwaso a iska, sannan ka saki jiki ka bar wa Allah. Na kwantar da kujera na koma na fuskanci katanga. Abin da na ji kawai shi ne nishi, da uwargida tana cewa "Inna, kan tukuna," da Goggo da ta shiga ta ɗaya ƙofar tana ja. Da aka ce in juyo, Inna na ciki, ɗankwali na hannun Goggo.

Bappa ya shiga da sandarsa, ya ja ƙofa. Na tayar da mota. To, irin wannan mota ƙofofinta dogaye ne, bel ɗin yana can baya nesa da hannu, shi ya sa aka yi mata wani siririn hannun roba mai fitowa da kansa ya miƙo wa na gaba bel. Ni na saba da shi, na manta ban yi wa kowa bayani ba. Bappa na cikin addu'ar tafiya sai ya ji abu ya zuro daga bayansa ya tsaya daidai kafaɗarsa. Ya waiga. Inna hannayenta na kan cinya, uwargida na riƙe da auta. Ya saki salati, ya juya sanda ya sauke wa abin, ya ƙara, sai da ya ga ya karye ya saki bel ɗin sannan ya tofa a hagu. Kuɗin buhun masara na aika Ladipo kafin a samo wani.

Ba mu wuce gari ba na'urar sanyin da dillali ya rantse ƙanƙara take yi ta fara hura iskar murhu. Daga baya na ji muryar Inna, ba da ni take ba.

"Tambayi maigidan naki, ta ina ake buɗe tagar nan?"

Gilasan baya na wannan mota ba sa buɗuwa. Na faɗa wa uwargida, uwargida ta faɗa wa Inna, ko da yake duk tazararmu ba ta kai kamu biyu ba. Kowane tudun rage gudu sai na hau shi a karkace kamar ƙaguwa, taya ɗaya bayan ɗaya, kowane rami sai na tsaya mun yi shawara da Bappa. Golf ɗin su Goggo da muka bari tana jiran cikon fasinja ta wuce mu, yarana suna ɗaga min hannu.

Amma a Sunkani na ga ranar kuɗina. Rurin salansa ya riga mu isa, jama'a suka taso daga tabarmi, maroƙi ya tare mu yana kiran Alhaji mai jirgin sama a ƙasa. Na fito ina gyara hula. Bappa ya fito. Uwargida ta miƙo auta ta zame ta fito. Inna ta yunƙura, gwiwa ta ce ba da ita ba.

Shiga ashe wasa ne. Mata suka taso suka kewaye motar, suka ware mayafai suka yi labule, maza aka kore mu gefe. Ni kaɗai na san yadda ake matsar da kujerar, ni ne kuma mutum na ƙarshe a duniya da ya halatta ya leƙa wurin. Na juya baya ina fuskantar bishiyar mangwaro ina ba da umarni da ƙarfi.

"Na kafaɗar kujera! Ku danna shi gaba!"

Wata ta danna baya. Kujera ta taho a hankali da kukan lantarki ta nufi gwiwar Inna, aka kwashe da salati a bayan labule. Maroƙi ya ga kasuwa ta sauya, ya bar Alhaji ya koma roƙon Allah ya fito da Hajiya lafiya. Da ta fito, guɗar da aka rangaɗa ta fi wadda aka yi wa jariri. Ta gyara zani, ta karɓi ɗankwalinta, ta dubi 'yarta.

"Ki ce masa Allah ya sanya alheri. Ki kuma ce wa mai Golf ya ajiye min wuri."

Kada a ce ban faɗi alherin motar ba. A hanyar Zing na taɓa samun kwalta mai santsi ba kowa, na taka ta, kuma wallahi duk abin da aka faɗa a kanta gaskiya ne. Kafin in gama murmushi garken shanu ya cika titi. A Jamus, inda aka haife ta, akwai manyan hanyoyin da ba a ƙayyade gudu ba. A nan Hukumar Kiyaye Haɗurra 80 ta yanka wa ƙaramar mota a babbar hanya, 50 a cikin gari, ramuka kuma suka yi nasu ragin a kai.

Ga mai. Kafin a cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023 lita a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba, lokacin da na sayi motar ta haura 1,000. Tankinta ya fi lita 60, mafi ƙarancin albashi kuma 70,000 ne. In na ce a zuba na dubu biyar, yaron gidan mai sai ya dubi motar, ya dube ni, allura kuwa ko gezau. Da damina ta sauka, tayoyin baya, waɗanda su ne ke tura ta, suka riƙa juyi a taɓon layinmu, dawaki 300 suna jiran almajirai su zo turi.

Daga ƙarshe aka kai ƙara gaban Bappa. Na maimaita sharaɗin kalma bayan kalma, uwargida ba ta musa ba. Bappa ya shafa gemu ya ce kujera kam akwai, ya gan ta da idonsa, hanyar zuwa gare ta ce babu. Ya yanke a sayar, ya kuma ce kada a sake kiransa shiga motar da ke taɓa mutane.

Tana nan a ƙofar gida cikin tamfol, takardu cikakku, kujerun baya zama ɗaya aka yi a kansu. Mai karatu, in ka san wani gwauro mai kuɗin mai, wanda ƙofar gidansa ba kwalbati, ka turo shi Kachalla Sembe. Ko wane mai Keke ya tambaya zai kawo shi gidan, kuma la'adarka na nan.