Fulawar Da Ba Ta Son Gata

A Kura, idan kana ƙaunar abu sai ka ba shi ruwa. Tun da aka kammala Dam ɗin Tiga a 1974, zamanin Audu Bako, ruwa ya biyo kanal ya ratso Bunkure da Kadawa ya iso mana, ba mu san wani maganin shuka ba sai ban ruwa da taki. Shinkafa ta yi ja, a ƙara yuriya. Tumatir ya langaɓe, a tayar da inji.

A haka na je Nasarawa a Kano, rani tsaka, na hango wata fulawa ta leƙo ta kan katangun masu hannu da shuni, jawur da ita. Mai sayarwa a bakin titi ya ce sunanta bogenbiliya. Ashe 'yar Birazil ce. Wasu Faransawa masu yawon teku suka gamu da ita a ƙarni na 18, suka laƙa mata sunan jagoran tafiyarsu, Bougainville. Na saye ta a leda, na rungumo ta har gida.

Baba ya dube ta sama da ƙasa.

"Ana miya da ita?"

"A'a Baba, ta ado ce."

"Ado," ya ce, ya ci gaba da jan carbi.

Na dasa ta a bakin zaure, gida ya ɗauke ta kamar marainiya. Ni da bokiti safe da yamma, uwargida da ruwan wanke-wanke, ƙanena kuma yana yagar yuriya daga buhun Baba yana barbaɗa mata. Ta kuwa karɓa. Ta haye katanga, ta yi shar, ta fitar da ƙayoyi masu kan ƙugiya. Ta fizge gyalen baƙuwa, ta tsare almajiri da ƙwaryarsa, ranar wata Juma'a ta keta babbar rigar Baba daga kafaɗa har aljihu. Fure kuwa ko ɗaya.

Maƙwabta suka ce baki ne. Inna ta ce ba wani baki, namiji aka sayar mini, ai ko gwanda akwai namiji.

Sai uwargida ta haihu ta tafi wankan jego Bunkure, ni da ƙanena muka tare a gonar alkama, hunturu ya kankama. Kowa ya manta da fulawar. Wata safiya na fito na tarar katanga ta kama da ja, yara sun yi cirko-cirko.

Wani malamin gona da ya tsaya kallo ya yi dariya har da riƙe babur. Ya ce ita sai ƙasa ta bushe, rana ta gasa ta, sannan take fure. Ruwa da yuriya ganye da ƙaya kawai suke haifa mata. Jan nan ma, in ji shi, ganye ne ya rine, furen gaskiya shi ne ɗan farin nan na tsakiya.

Na kafa doka: kada wanda ya ƙara ba ta ruwa. Da asuba na kama Inna da buta a gindinta.

"Inna, ai na hana!"

"Kai tafi can. Abu mai rai ka hana shi ruwa a garin ruwa? Alhakin wa kake so na ɗauka?"

Baba kuwa wani abu daban ya lura da shi: tun da ta girma, akuyar maƙwabta ba ta sake haura katangar ba. Ya sa aka sare rassanta rabi da kwata, ya kewaye lambun albasarsa da su, dab da kanal, inda ƙasa ba ta taɓa bushewa. Sun kama, sun yi duhu, ba fure ko na rantsuwa. Duk wanda ya wuce sai ya kira shi ya nuna masa, yana cewa karatun yaron nan bai tafi a banza ba.